Ɗakin Sama a Yeongdo

Kakata Mal-sun tana da shekara ashirin da uku
ranar da ta sa hannu a takardar mishan.
Borneo aka ce mata. Ta sayi laima,
ta haddace gaisuwar mutanen can.
Saura kwana tara jirgi ya tashi,
tari ya kwantar da mahaifinta.
Shekara goma sha ɗaya tana jinya,
laimar ta yi tsatsa a bayan ƙofa.

Gidanmu na kan tudu, matakala ɗari da sha biyu.
Ta taga ana hango tashar Busan,
jiragen ruwa jere kamar shanu a mashaya,
kowanne da tutarsa, kowanne da yunwarsa.
Wata Lahadi ta tare Fasto Pyo a bakin majami'a:
"Ɗakin saman nan da kuke tara karyayyun kujeru,
ba ni makullinsa."
Ya tambaye ta me za ta yi da shi.
Ta ce, "An hana ni zuwa duniya,
ga ta kuwa ta zo ta tsaya a gindin tudu."

Haka aka fara.
Tukunya ɗaya, barguna shida, daɓe mai ɗumi.
Miyar ganyen teku, shinkafa, kabeji mai yaji
da ke sa ƙarti share hawaye suna neman ƙari.
Crisanto, da mai jirgi ya gudu da albashinsa,
ya yi wata bakwai yana gyara mana famfo
wanda lafiyarsa ƙalau.
Wani ɗan Rasha bai taɓa faɗin sunansa ba,
ya ci, ya yi barcin kwana biyu,
ya bar agogonsa a ƙarƙashin matashi.

Ba ta iya wa'azi ba, ita ma ta sani.
Dattawan ikilisiya suka nemi lissafi:
mutum nawa suka tuba a bana?
Ta ce ita cokula take ƙirgawa,
kuma uku sun ɓace.

Baƙo raɓa ne, in ji masu magana.
Ni dai na ga raɓar da ta rayar da tsohuwa.

Tana da saba'in da takwas, gwiwa ta ƙi hawa,
ni ke goya ta zuwa sama,
daren da wani saurayi ya shigo jiƙe sharkaf,
ya tuɓe takalmi, ya tsaya yana karkarwa.
Jalong sunansa. Daga ina?
Ya faɗa.
Cokali ya suɓuce daga hannun kakata.

Ta buɗe baki, gaisuwar nan ta fito,
wadda ta kwana shekara hamsin da biyar a ƙirji,
ba ta rasa ko harafi ɗaya ba.
Yaron ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.
Ya ce rabonsa da jin wannan gaisuwa
tun kakarsa na da rai.
Daga nan dariyar ta juye.

Ashe an je ƙauyensu. Wata ce ta je,
ta gina majami'ar katako a bakin kogi.
Na dubi fuskar kakata ina jiran tsohon miki,
sai ta ce, "Madalla. Ci abinci, zai huce."
Kafin ya ci ya kama hannunta
ya yi addu'a da harshen da ta so koya.
Ba ta fahimci kome ba sai Amin.

A bangon majami'armu akwai taswira,
an soka allura a duk ƙasar da muka aika wani.
Babu allurar Mal-sun.
Makullin yana wuyana yanzu.
Daren jiya na ƙirga takalma a bakin ƙofa:
ƙafa tara, ɗaya ba igiya,
duk suna ɗigar da ruwan gishiri.
Na ƙara shinkafa.